Sharhi: Ajin Larabci da ɗalibin da bai yi makarantar allo ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

A nan Jos, duk ɗalibi Kirista da ya ce Larabci zai karanta a jami'a, tambayar farko da zai sha a gida ita ce: "Musulunta za ka yi?" Abokansa Musulmi kuma su bi shi da kallon me ya kawo ka. Garin da ya ga abin da ya gani tun rikicin Satumban 2001, ba a rasa dalilin wannan ɗar-ɗar ba.

To amma ƙamus ɗin Larabcin nan na Munjid, da malamanmu da yawa ke ji da shi, wa ya wallafa shi? Louis Ma'aluf ne, limamin Katolika ɗan ƙasar Labanan, a 1908. Kiristocin Masar da Labanan da Larabci suke addu'a har gobe. Nan gida ma an yi Farfesa Isaac Ogunbiyi, Kirista ne, ya kuma koyar da Larabci a jami'a shekara da shekaru. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 1973 ta sa Larabci cikin harsunanta na aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin aji. Malam zai shigo yana zaton kowa ya wuce alif da ba tun yana ƙarami, sai ya kama nahawu da sarfu, misalan kuma duk aya ce ko hadisi. Yarinyar da ta taso a Pankshin, wadda ba ta taɓa jan alƙalami daga dama zuwa hagu ba, mako uku ya ishe ta ta nemi canjin kwas. Sai a ce ba ta da sha'awa. Shi kuma na kusa da ita da ya yi sauka, bakinsa ya faɗa da karatu, amma a ce ya taya tumatir da Larabci, sai inda-inda. Kowa da ramin da ya faɗa.

A ganinmu, a raba su a shekarar farko. Mai farawa ya samu zangonsa na baƙi da wasali ba tare da jin kunya ba, sannan a haɗa su a kan jarida da wasiƙa da hirar yau da kullum. Ba a cire Alƙur'ani daga darasin balaga, don babu mai sanin Larabci da zai tsallake shi, sai dai jarrabawa ta tsaya a kan harshe, kada ta koma tambayar imani.

A gidan adana kayan tarihi na Jos akwai tarin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, masu ɗauke da tarihin ƙasar nan. Masu iya buɗe su su karanta ba su da yawa, takardun kuma tsufa suke yi.

A huta lafiya.