Tiya Ɗaya Ga Kowa: Laccar da aka gabatar wa ma'aikatan lafiya a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan'uwa ma'aikata, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa awon shinkafa a kasuwar Jega ya san rigimar da ke tashi idan mai saye ya zo da tiyarsa, mai sayarwa kuma ya ce sai tasa. Kowa na da gaskiya a bakinsa, amma ciniki ba ya faɗawa. To, irin wannan rigimar ce ta daɗe tana damun masu bibiyar lafiyar alluran rigakafi a duniya. Likita a Indiya zai rubuta "zazzaɓi", na Ingila ma ya rubuta "zazzaɓi", mu ma a Argungu mu rubuta haka, alhali kowa da abin da yake nufi. In aka tara rahotannin, ba su haɗuwa.

Don magance wannan aka kafa ƙungiyar Brighton Collaboration a shekarar 2000. Likitoci ne da masana magunguna da masu bincike daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu aikin sa kai suke yi. Sai a ɗauki larura guda da kan iya biyo bayan allura, a kafa mata kwamiti, a yi ta muhawara har a daidaita a kan ma'ana ɗaya. Zazzaɓi, alal misali, sai an sa ma'auni ya nuna digiri 38 ko fiye. Kukan da ba ya tsayawa kuwa, sai jariri ya yi awa 3 ko fiye yana yi ba ƙaƙƙautawa.

Ni ma ina cikin masu sa kan, ta hanyar karanta daftarin da ake turowa in faɗi ra'ayina. Ba a ba ni ko sisi, datar ma ni ke saye. Abin da ya tura ni ciki zan gaya muku.

Wata rana a wani ƙaramin asibitin ƙauye, wata baiwar Allah ta dawo da ɗanta kwana biyu bayan allura. Ta kwance goyo, ta ce, "Malam, jikin yaron ga na da zahi, jiya har ya yi jijjiga." Na taɓa goshinsa, da zafi kam. Na ɗauki fom ɗin rahoton larurar da ta biyo bayan allura na rubuta "zazzaɓi da jijjiga", shi ke nan. Ban auna ba, don batirin ma'aunin ya mutu. Ban tambaye ta ƙarfe nawa abin ya faru ba, ban tambaya ko ya fita hayyacinsa ba, ban rubuta lambar rukunin allurar da ke jikin kwalba ba. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau wannan fom yana damuna. Lokacin damina ne, sauro ko'ina. Allurar ce, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya zo daidai da ita? Takardata ba za ta iya amsa wa kowa ba, kuma uwar ta koma gida da amsar da maƙwabta za su ba ta.

Mun san inda irin wannan amsar ke kai mu. A 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ta ƙetare iyaka. Sai a watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Yanzu kuma ido na kanmu. A Disamba 2024 aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, R21, kuma Kebbi da Bayelsa ne jihohin farko. Abin da kuke rubutawa ba a cikin kabad yake ƙarewa ba. Yana wucewa ƙaramar hukuma, ya je jiha, ya kai ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga can ya shiga rumbun bayanai na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Uppsala a ƙasar Suwidin.

Ga inda nake son ku ba ni hankalinku. Waɗannan ma'anoni na Brighton suna da matakan tabbaci. A jijjiga, idan an shaida yaro ya suma jikinsa duka yana karkarwa, mataki na ɗaya ke nan. Idan labarin suman aka kawo maka, mataki na biyu. Ashe labarin uwa yana da gurbi, in ka iya tambaya. Amma wanda ke zaune a babban asibiti, ga ɗakin gwaji ga wuta dare da rana, ba zai san cewa uwa a Bagudo ba ta duba agogo ba, za ta ce maka "bayan la'asar" ne. Sai ɗayanmu yana cikin kwamitin ya faɗa musu. Don haka nake roƙon masu ɗan Turanci da waya a cikinku ku shiga. Ba sai kai farfesa ne ba, kuma 'yan'uwa mata, ku kuka fi mu jin abin da iyaye mata ke ɓoyewa.

Na zo da fom ɗin nan, za a raba muku. Mu cika ɗaya tare yanzu, a kan labarin yaron nan. Hajiya, ke ce uwar, ni ne ma'aikacin. Bismillah.