John Bacchus Dykes, Limamin Cocin da Ya Tsara Karin Waƙoƙin Ibada

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya buɗe tsohon littafin waƙoƙin coci na ƙasar Ingila zai tarar da sunaye biyu a kan kowace waƙa, ɗaya na wanda ya rubuta baitoci, ɗaya kuma na wanda ya tsara karin da ake rera su da shi. Mutane sun fi riƙe sunan na farko, alhali kuwa aikin na biyun ne ke zama a kunne. Yau za mu duba rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato John Bacchus Dykes.

An haifi Dykes a garin Hull a shekarar 1823, kuma tun yana ɗan shekara 10 yake kaɗa ogan, wato babban kayan kiɗan coci, a cocin da kakansa ke limanci. Ya yi karatu a jami'ar Cambridge, aka naɗa shi ma'aikacin ikkilisiyar Angilika a 1847, sannan a 1849 ya koma babbar majami'ar Durham, inda aka ɗora masa nauyin kula da ƙungiyar mawaƙa da tsarin sujada.

Kafin zamaninsa, al'adar da ta fi yawa ita ce a ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango, a ce misali takwas, shida, takwas, shida, sai a ɗauko duk wani karin da ya yi daidai da wannan ma'auni a ɗora masa kalmomin. Ta haka kari guda yakan ɗauki waƙoƙi masu yawa, ta murna da ta makoki duk bai ɗaya. Dykes da tsararrakinsa sun bi wata hanya dabam, domin sukan zauna da waƙa guda su nazarci ma'anarta, sannan su tsara mata karin da zai zama nata ita kaɗai. Da ya ji labarin ana shirya sabon littafi mai suna Hymns Ancient and Modern, wanda William Henry Monk ke kula da ɓangaren kiɗansa, sai ya aika da ayyukansa ba tare da an nema ba, aka kuwa sanya guda 7 a bugun farko na shekarar 1861.

A cikin waɗannan akwai karin da ya raɗa wa suna Nicaea, wanda ya tsara domin waƙar yabon Triniti (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a akidar Kirista) mai suna Holy, Holy, Holy, wadda Bishop Reginald Heber ya rubuta kafin rasuwarsa a Indiya a 1826. Sunan yana tuna taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a birnin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325. Duk wanda ya taɓa koyon waƙa a kwaya zai gane yadda karin ke farawa: do, do, mi, mi, so, so. Murya tana hawa mataki uku, daidai da kiran Mai Tsarki da ake yi sau uku a farkon waƙar, kuma hawan yana da sauƙin da jama'ar da ba su taɓa ganin rubutun kiɗa ba za su iya bi tun a karon farko. A ganina nan ne gwanintar Dykes take, domin ya bar wa taron masu ibada hanya miƙaƙƙiya, ya tura wahalar aikin zuwa ga muryoyin tsakiya da na ƙasa, waɗanda 'yan kwaya da mai ogan ke ɗauka. Da wannan karin ne ake rera fassarar waƙar a harsuna da dama, har da majami'un da ke sujada da Hausa.

Na biyun shi ne Melita, tsohon sunan tsibirin Malta inda jirgin ruwan Manzo Bulus ya farfashe, kamar yadda ya zo a Ayyukan Manzanni cikin Littafi Mai Tsarki. Ya tsara shi ne domin addu'ar da William Whiting ya rubuta saboda matafiya a teku. Sojojin ruwan Birtaniya da na Amurka sun mayar da shi nasu, kuma an rera shi a jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, a 2021.

Dykes ya tsara kari kusan 300, amma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin babbar sana'arsa ba. A 1862 ya karɓi limancin cocin St Oswald a Durham, mai jama'a da yawa da hidima mai nauyi. Yana cikin ɓangaren Angilika masu son sujada mai tufafi na musamman da tsari irin na dā, shi kuwa bishop ɗinsa, Charles Baring, yana adawa da hakan ƙwarai. Da Dykes ya nemi a ba shi mataimaki, bishop ya gindaya sharaɗin cewa sai an yi alkawari a rubuce za a bar waɗannan abubuwa. Dykes ya ƙi, ya kai ƙara kotu, aka yanke hukunci bai yi nasara ba a 1874. Aikin ikkilisiya ya koma kansa kusan shi kaɗai, lafiyar jikinsa da ta tunaninsa suka taɓarɓare, ya rasu a watan Janairun 1876 yana da shekara 52. Abin takaici ne a ce saɓani kan tufafi da tsarin sujada ya ƙarar da ƙarfin mutum irin wannan. Bayan rasuwarsa jama'a sun tara wa iyalinsa gudummawar kimanin fam 10,000.

Masana kiɗa na ƙarni na 20 ba su raga masa ba. Sun ce karinsa ya cika zaƙi da neman sosa zuciya, kuma ya fi dacewa da ɗakin shaƙatawa fiye da majami'a. Ralph Vaughan Williams, wanda ya shirya kiɗan The English Hymnal a 1906, ya rage yawan ire-iren waɗannan ayyuka, ya kawo karin waƙoƙin gargajiyar ƙauyukan Ingila a madadinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, domin wasu ayyukan Dykes sun tsufa tare da zamaninsu, sai dai shi kansa Vaughan Williams bai cire Nicaea da Melita daga littafin nasa ba.