Daga Bahir Dar: Kurmin da Gatari Bai Taɓa Ba

Jama'a salamu alaikum, mutanen Jos ina gaisuwa, musamman 'yan Bauchi Road da Gangare. Ku yi haƙuri da iskar da ke shiga makirufo, a bakin tafkin Tana nake, nan ƙasar Habasha, kuma wallahi tun da jirginmu ya fara saukowa zuciyata ba ta kwanta ba. Na leƙa ta taga, ƙasa fayau, gonaki jajur har iya ganin ido, sai ga wani kore shar a zagaye kamar faifai, da rufin gini a tsakiyarsa. Can gaba ga wani, ga wani kuma. Na tambayi na kusa da ni, ya ce majami'u ne, kowace da kurminta.

Ku duba bayana. Wannan ɓauren mutum uku ba za su rungume shi ba. Ga alilliba, ga zaitun daji, ga kofi yana nuna a ƙarƙashin inuwa. Kurmin Zege ke nan, inda tsohuwar majami'ar Ura Kidane Mehret take. Mai jirgin ruwa birr 1,500 ya karɓa, kuɗin ƙasar ke nan, kuma ban ji ciwon kuɗin ba ko kaɗan.

Masu bincike sun ƙiyasta irin waɗannan kurame sun kai 35,000 a Habasha, alhali dajin asali na tsaunukan arewa kusan duk an share shi an yi gona. Abin da ya tsare su ba soja ba ne, kwarjinin wurin ne. A nan suke ibada, a nan suke binne iyayensu, to wa zai shigo da gatari? Amma shanu ba su san alfarma ba. Su ne ke cinye ƙananan tsirrai, garma kuma tana gutsurar gefe kowace damina. Sai wani masanin gandun daji ɗan ƙasar, Dokta Alemayehu Wassie, ya zauna da limaman coci, aka riƙa tsince duwatsu daga gonaki ana zagaye kurmin da katanga. Shi ke nan fa! Dabba ta daina shiga, 'ya'yan itatuwa suka tashi da kansu, tsuntsaye na ɗaukar iri suna yaɗawa, ƙudan zuma na fita yi wa gonakin maƙwabta barbara.

Nan ne raina ya ɓaci, don na tuna gida. Mu kowace shekara a yi bikin dashen itace, a kafa rumfa, a ɗauki hoto, a dasa turare, kafin kaka awaki sun gama da rabi. Shi turaren nan ma daga Ostireliya aka kawo shi, su ma nan ya cika ko'ina. Yana ba da itacen girki, ban musa ba, amma ba zai haifa maka ɗorawa ko maɗaci ba. In tsohuwar bishiya ta tafi a buhun gawayi, daga ina irin zai fito?

Kuma kada wani ya ce mu ba mu da namu. Ƙauyukan Filato da yawa suna da kurmin da kakanni suka hana sara. Ga kurmin Amurum can Laminga, bayan gari kaɗan, tsuntsaye sama da iri 300, har da wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da sai a 1998 masana suka tantance shi. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa karatun tsuntsaye a wurin, mu kuma muna wucewa a mota. Ni Musulmi ne, ba na cewa a koma tsafi. Katangar nake so mu ɗauka, dutse kuwa ai Allah ya hore mana shi a Jos.

Kai, kofinsu! Birr 30 na biya, ana gasa shi a gabanka da turaren wuta. Sai dai na yi kewar masa da miyar taushe, injerar nan, gurasarsu, tsaminta ya ishe ni.

Duk mai shirin zuwa, ka ji ni da kyau. Kada ka karya ko reshe ɗaya, kada ka ɗaga kyamara kan mai ibada ba ka nemi izini ba, ka cire takalmi a ƙofar majami'a. Yankin Amhara kuma, inda Bahir Dar yake, ba ya zaune lafiya tun 2023, saboda haka ka bi ta jirgin sama daga Addis Ababa, kada wani direba ya ruɗe ka da arhar mota. Bari in gangara, mai jirgin yana ɗaga min hannu.