Laifin ɗan wasa da zauren gwaraza: wa ke shiga, wa ake tsayarwa a ƙofa

Jama'a assalamu alaikum. Malamai, 'yan jarida, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Maganar da za mu yi yau ta shafi abin da Turawa suka ƙirƙiro don tunawa da manyan 'yan wasa. Gida ne ake ginawa, a rataye allon tagulla ko a kafa siffar mutum da sunansa, a ce wannan ya shiga sahun waɗanda ba za a manta da su ba. Mu kira shi zauren gwaraza. Tambayar ita ce, mutumin da ya yi abin a-zo-a-gani a fili amma ya tafka ta'asa a waje, a buɗe masa ƙofa ko a rufe? Ni ra'ayina tun farko shi ne, yawancin rigimar ba ta fito daga laifin 'yan wasan ba, ta fito ne daga ƙa'idar da aka rubuta a dunƙule, aka bar kowane mai ƙuri'a ya fassara ta yadda ya ga dama.

Bari mu fara da Amurka, da wasan besbol, wanda mai jifa ke jefo ƙwallo wani ya buge ta da sanda ya ruga zuwa sansani, domin nan ne aka fi cin wannan kasuwa. Zaurensu yana wani ƙaramin gari, Cooperstown, a jihar New York. An zaɓi mutum biyar na farko a 1936, aka buɗe ginin a 1939. Tsarinsu kuwa haka yake: sai ɗan wasa ya buga kaka goma, sannan ya yi shekara biyar da ajiye wasa, kafin sunansa ya hau takardar zaɓe. Wannan jira yana da hikima, Bahaushe ma ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Masu zaɓen 'yan jaridar wasan ne da suka shekara goma a ƙungiyarsu. Kowa yana da damar zaɓen suna har goma. Wanda ya samu kashi 75 cikin ɗari ya shiga. Wanda ya gaza kashi 5 an cire shi. Wanda ya tsaya tsakiya yana da shekara goma yana gwadawa. A da sha biyar ne, aka rage a 2014.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'idarsu ta biyar ta ce a duba tarihin wasan mutum da ƙwarewarsa, a kuma duba amanarsa da halinsa da yadda ya mutunta wasa. Ba a faɗi wane hali ba. Ba a faɗi wa zai tabbatar ba. Ba a faɗi nauyin hali a kan nauyin ƙwarewa ba.

Ku dubi abin da wannan ya haifar. Barry Bonds shi ke riƙe da tarihin bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shinge, sau 762, kuma sau bakwai ana ba shi kyautar gwarzon shekara. Roger Clemens ya ci kyautar mai jifa mafi ƙwarewa sau bakwai. Dukansu an zarge su da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar rantsuwar ƙarya a 2012. Bonds an same shi da laifin kawo cikas ga shari'a a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2015. Amma a shekararsu ta ƙarshe a takardar zaɓe, 2022, Bonds ya tsaya a kashi 66, Clemens a 65. Ba su shiga ba. Ni ba na cewa ba su sha ba. Abin da nake cewa, hukumar wasan ba ta fara gwajin da ake hukunta mutum a kansa ba sai 2004. Kafin nan tana kallo, filaye suna cika, kuɗi yana shigowa. Kwamishinan da ya shugabanci wasan a wancan zamani, Bud Selig, ya shiga zauren a 2017. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma a cikin zauren nan akwai Cap Anson, wanda tarihi ya tabbatar ya ƙi fita fili idan akwai baƙar fata a cikin abokan karawa, a shekarun 1880. Allonsa yana nan tun 1939. In hali ne ma'auni, ina aka ajiye ma'aunin ranar da aka shigar da shi?

Batun Pete Rose daban ne, kuma ina so ku riƙe bambancin. Shi ne ya fi kowa yawan bugun da ke kai mutum sansani, 4,256. A 1989 aka haramta masa wasan har abada saboda caca, yana kocin Cincinnati Reds yana sa kuɗi a kan wasanni, har da na ƙungiyarsa. Ya yi ta musu shekara goma sha biyar, sai a 2004 ya amsa. Wannan laifi ne a kan wasan kansa. Dokar hana caca a rubuce take, a manne a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya, da hukuncinta. Koci mai kuɗi a kan wasan yau zai iya gajiyar da mai jifansa mafi kyau don ya ci yau, ya bar gobe ta lalace. Ranar da bai sa kuɗi ba kuma, 'yan caca sun karanta saƙon. Da zarar ɗan kallo ya fara shakkar abin da yake gani, lambobin da ake shigar da mutum zaure dominsu sun zama shirme. Nan ba ni da tausayi. Abin da kawai zan ce, sai a 1991, daf da lokacin da sunan Rose zai hau takarda, zauren ya kafa dokar cewa wanda aka haramta wa wasa ba a zaɓensa. Dokar daidai ce, amma an ɗinka ta ne da awon mutum ɗaya, kuma wannan ya ba magoya bayansa abin faɗa shekara da shekaru.

Sai mu leƙa ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, zaurensu na Canton a jihar Ohio. Su sun bi wata hanya: an umarci masu zaɓe su dubi abin da mutum ya yi a fili kawai. O.J. Simpson ya shiga a 1985. A 1995 kotu ta wanke shi daga kisan tsohuwar matarsa da abokinta, a 1997 wata kotun ta ɗora masa diyyar dala miliyan 33.5, a 2008 aka ɗaure shi kan fashi a Las Vegas. Ya mutu a 2024, siffarsa tana nan ba a taɓa ta ba. Tsarin yana da tsabta ta fuskar cewa kowa ya san ƙa'ida. Amma ni bai kwanta mini ba. Zauren nan wuri ne da ake kai 'yan makaranta, ana naɗa wa mutum riga ta musamman, ana kiransa bikin kowace shekara. Wannan girmamawa ce, ta wuce ajiye lissafi. Mu da muka san sarauta mun san cewa rawanin da aka naɗa ana iya warware shi, kuma warwarewar ba ta goge cewa mutum ya taɓa yin jarumta.

Waɗanda suka fi kusa da daidai a ganina su ne masu zauren tanis na Newport, a Amurka. Bob Hewitt ya shiga a 1992. Da mata suka fito suka ce ya ci zarafinsu suna yara yana koya musu wasa, zauren ya sa aka yi bincike, ya dakatar da shi a 2012. Kotun Afirka ta Kudu ta same shi da laifin fyaɗe a 2015, ta yanke masa shekara shida. A 2016 aka kore shi gaba ɗaya. Ku lura da matakan: zargi, bincike, dakatarwa, hukuncin kotu, sannan kora. Ba a yi gaggawa ba, ba a kuma kawar da kai ba. Laifin kuma da rigar wasan ya aikata shi, domin sunansa ne ya sa iyaye suka damƙa masa 'ya'yansu.

Na san da yawanku Firimiyar Ingila kuke bi, to ga naku. Sun buɗe nasu zauren a 2021 da Alan Shearer da Thierry Henry. Ryan Giggs, mai kofin Firimiya 13, fiye da kowa, ba ya ciki a rukunin farko. A watan Afrilun shekarar aka tuhume shi da cin zarafin tsohuwar budurwarsa. Masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa cim ma matsaya a 2022, aka janye ƙarar a 2023. Jinkirta shi lokacin da shari'a ke gudana daidai ne. Amma bayan an janye, ya kamata a fito a faɗi ƙa'idar da ake bi, ko a shigar da shi ko a bayyana dalili. Shiru shi ne mafi munin hanya, domin bai wanke mutumin ba, bai kuma girmama matar da ta kai ƙara ba.

Duk wanda zai kafa irin wannan zaure, ko na ƙwallo ko na dambe ko kokawa, ya rubuta tun kafin a zaɓi mutum na farko cewa sayar da wasa da caca a kansa suna rufe ƙofa. Ya rubuta irin manyan laifukan da hukuncin kotu a kansu ke sa a cire suna, da wanda ke da ikon cirewa, da ƙuri'a nawa. Ya ba wanda ake zargi damar kare kansa. Girman kai da rashin gaisuwa da faɗa da 'yan jarida kuwa, a bar su a waje. Terrell Owens sai a karo na uku ya shiga Canton, a 2018, alhali lambobinsa ba su canja ba ko ɗaya tsakanin karon farko da na uku; abin da ake ta faɗa a kansa shi ne wuyar sha'ani.

Mu koma kan Pete Rose. Ya rasu ranar 30 ga Satumba 2024. A watan Mayun 2025 kwamishinan besbol Rob Manfred ya ce haramci yana ƙarewa da mutuwa, ya cire sunan Rose daga jerin waɗanda aka haramta wa wasa, tare da na Joe Jackson, ɗan wasan da aka haramta wa wasa kan badaƙalar sayar da wasa ta 1919. Yanzu wani kwamiti mai mutum 16 zai iya duba shi a Disamban 2027, kuma yana buƙatar ƙuri'a 12. Da ni ke cikinsu ba zan ba shi tawa ba. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirfo.