Jawabin Maraba ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya a Ziyararsa ta Jos

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma babban baƙonmu, Babban Daraktan Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, tare da 'yan tawagarsa, wakilin Gwamnatin Jihar Filato, iyayenmu sarakuna, hakimai da masu unguwanni, malamanmu na jami'a, limamai da fastoci, masu injinan tace kuza da shugabannin leburori, iyayenmu mata masu wankin kuza, abokan aikina jami'an kiyaye lafiyar ma'aikata, 'yan jarida, jama'a maza da mata, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Ranka ya daɗe, a madadin jami'an kiyaye lafiyar ma'aikata da ke aiki a ma'adinai da masana'antun wannan jiha, ina yi maka barka da zuwa Jos. Sannu da hanya, sannu da Hawan Kibo. Muna fatan sanyinmu bai yi maka yawa ba. Mun san aikin da ke gabanka a Abuja ba kaɗan ba ne, ga asibitoci masu injinan hoto, ga kamfanonin mai, ga cibiyar bincike ta Zariya, amma ka ware lokaci ka tako da ƙafarka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Yallaɓai, garin da ka sauka a cikinsa kuza ce ta gina shi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suna narka ta. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka shigo, kafin 1914 ta ƙare har jirgin ƙasa ya iso nan daga Zariya domin kwasar ta. Da Japan ta ƙwace Malaya a yaƙin duniya na biyu, sai Ingila ta juyo kan Filato da dukan ƙarfinta. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da kakanninmu ke kira diban gwamna. Da yawa daga cikinsu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a barikokin leburori. A 1943 haƙar ta kai ƙololuwarta. A shekarun 1950 kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza. Sannan kasuwa ta yi ta ja da baya, har farashin kuza ya rushe a duniya a 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu.

Sun tafi da kuza da kolombait. Abin da suka bar mana shi ne ramuka da tafkuna da tsibin tarkace, daga Rayfield zuwa Bukuru, daga Bisichi da Sabon Gidan Kanar zuwa Barikin Ladi. Wannan tarkacen shi ne dalilin gayyatarka.

Ka san bayanin fiye da ni, amma ka yi mini izini in faɗe shi saboda iyayenmu da ke zaune a nan, domin su ne maganar ta fi shafa. Dutsen da ke ɗauke da kuza a Filato ba ita kaɗai yake ɗauke da ita ba. A tare da ita akwai monazait da zirkon da wasu ma'adinai masu nauyi, a cikinsu kuwa akwai toriyom da yuraniyom. Waɗannan biyu suna fitar da tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta jin zafinsa. Ba wani ne ya zuba su ba, haka Allah Ya halicci ƙasar, shi ya sa takardunku ke kiran irinsu NORM, wato abubuwa masu tiriri na asali. Muddin suna warwatse a cikin dutse, ɗan abin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Milisibat shi ne ma'aunin tiririn da jiki ya ɗauka, kuma a matsakaicin lissafi ɗan Adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, kuma da shi ake rayuwa.

Matsalar tana farawa ne daga hannunmu. Mai loto, wato mai haƙar rami da hannu, ya haƙo ƙasa, mata su wanke ta a bakin rafi, yashi mara nauyi ya bi ruwa, mai nauyi ya zauna. A shanya, a kai injin, maganaɗisu ya ware kolombait gefe, kuza gefe, monazait gefe. Aikin kamar tankaɗe ne: duk sanda aka sake tankaɗawa, tsakin da ya rage a rariya ƙara taruwa yake yi wuri ɗaya. Abin da yake a warwatse cikin tan-tan na ƙasa sai ga shi a dunƙule cikin buhu guda. Masu bincike daga Zariya da Ibadan da nan Jos sun sha auna tarkacen injinan nan, kuma sun samu tiririnsa ya zarce na ƙasar gona nesa ba kusa ba. Shugaban farko na hukumarku ma, Farfesa Shamsideen Elegba, yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kan haka a 2005. Saboda haka ba baƙon labari muka kawo maka ba.

Kuma ba abu ne da za a ce a bar shi ya huce ba. Toriyom-232 sai ya shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya ƙare, yuraniyom-238 biliyan 4.5, radiyom-226 da ke fitowa daga gare shi shekara 1,600. Tsibin da aka zuba a zamanin diban gwamna, ƙarfinsa na nan yadda yake.

Ta hanya uku yake isa jikin ma'aikaci. Akwai tiririn gama, wanda ke ratsa buhu ya ratsa tufa, ya sami mutum ko da bai taɓa komai ba. Mai gadin da ya shimfiɗa tabarma a kan buhunan monazait saboda sun fi siminti ɗumi, shi ne ya fi kowa ɗauka. Lissafin ba shi da wuya: wanda ke aiki awa 2,000 a shekara a wurin da na'ura ke nuna maikrosibat 10 a awa (maikrosibat dubu ne ke yin milisibat ɗaya), ya cika milisibat 20, wato iyakar da aka yarda ma'aikacin wannan fanni ya ɗauka a shekara idan aka daidaita a kan shekaru biyar. Ga sauran jama'a kuwa iyakar milisibat 1 ce kacal. Sai iskar radon, wadda ke tsattsafowa daga tarkacen ta taru a rufaffen ɗaki ko a ƙasan rami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu, kuma a 2009 ta ba da shawarar kada ya wuce bekarel (ma'aunin ƙarfin tiriri) 100 a kowace mita kubik ta iskar gida, in ya gagara to kada ya haura 300. Mai shan taba da ke shaƙar radon, haɗarinsa ninkuwa yake yi.

Amma wadda ta fi hana mu barci ita ce ƙura. Tiririn alfa da ƙurar ke fitarwa, ko takarda tana tare shi, fatar mutum ma tana tare shi. Idan ƙurar ta shiga huhu kuwa, babu sauran katanga tsakaninta da tsoka, tana nan tana aiki shekara da shekaru. Ka shiga injin tacewa da rana tsaka a lokacin rani, za ka ga yaro ya yi fari fat har gashin ido, ya ɗaure hanci da tsumma, yana share ƙasa da busasshiyar tsintsiya. In an jima mai abinci ta zo, a zauna a kan buhu a ci da hannun da ba a wanke ba. Da yamma ya koma gida da tufafin, matarsa ta kakkaɓe su a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A cikin ƙurar nan har da ta yashi, wadda ita kaɗai ma ta isa ta lalata huhu.

A da monazait shara ce, ana zubar da ita a bayan injin. Mutane suna ɗiba su yi cikon fili, wasu su yi yaɓe ko bulo da tarkacen saboda ya fi yashin rafi araha. Yanzu da duniya ke neman ma'adinan da ake yin maganaɗisun motocin lantarki da wayoyi da su, sharar jiya ta zama haja. Ana tara ta, ana jiran farashi, kuma a ina ake ajiye ta? A shago, a zaure, wani lokaci a ɗakin kwana saboda tsoron ɓarayi.

Ranka ya daɗe, ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. Tun ƙarni na 16 ake rubuta labarin wata cutar ƙirji da ke kashe masu haƙar ma'adinai a Shinebag ta ƙasar Jamus, sai a 1879 likitoci suka gane sankarar huhu ce, daga baya aka gano hannun radon a ciki. A Malesiya, ƙasar kuza irin tamu, an kafa masana'antar sarrafa monazait a Bukit Merah a farkon shekarun 1980. Mutanen gari suka yi ta zanga-zanga da shari'a a kan sharar toriyom har aka rufe ta a shekarun 1990, kuma aikin kwashe sharar ya ci shekaru da maƙudan kuɗi. A nan gida, gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400. Dalma ba ta da tiriri, amma hanyar da ta bi ita ce dai wannan: dutsen ma'adini da aka shigo da shi gida, aka niƙa, ƙura ta tashi.

Doka kam muna da ita. Dokar 1995 ce ta kafa hukumarku, ta fara aiki a 2001, ga ƙa'idojin kariya daga tiriri na 2003. Ga Dokar Ma'adinai ta 2007, ga Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, ga dokar 2014 da ta ba sana'armu cibiyarta. Sai dai duk waɗannan sun fi sanin ma'aikaci mai katin aiki da albashin wata. Mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti yana da ɗan bajen awo a ƙirjinsa, ana karɓa ana dubawa. Matar da ke wankin kuza a Dilimi da goyo a bayanta ba ta cikin rajistar kowa, alhali ita ma da abu mai tiriri take wuni.

Mu kanmu jami'an, horon da yawancinmu suka samu na abin da ido ke gani ne: hular kwano, takalmin aiki, wayar lantarki a buɗe, ramin da zai rufta. Muna iya shiga injin mu duba komai mu sa hannu cewa lafiya lau, alhali muna tsaye kusa da buhun da ya fi duk abin da muka duba haɗari. Babu gwanintar da za ta maye gurbin na'ura a nan.

Na ga fuskokin wasu masu injin sun canza tun da na fara magana. Ku kwantar da hankalinku, Alhazai. Ba mu gayyato baƙonmu domin a garƙame wurin kowa ba. Dubban gidaje a jihar nan da kuza suke cin abinci, suke biyan kuɗin makaranta. Kuma a ganina rufewa ita ce mafi munin mafita, domin ranar da aka rufe injin, aikin ba tsayawa zai yi ba, cikin gidaje zai koma, inda babu mai leƙawa. Tsoratarwa ma ba ta da amfani. Ba kowane tafki ne guba ba, ba kowane tari ne sankara ba, kuma wanda ya yaɗa cewa dankalin Filato da kabejinta ba su ciwuwa ya cuci manoma ba tare da hujja ba. Awo ne kaɗai zai raba wurin da ke da matsala da wanda ba shi da ita.

Shi ya sa roƙonmu na farko, kuma babba, shi ne na'urorin awo da horon amfani da su. Ko kaɗan ne, a ajiye su a nan Jos inda jami'i zai sa hannu ya ɗauka ya dawo da su, a kuma riƙa kai su saiti a cibiyarku ta Ibadan. Muna da Jami'ar Jos, muna da Cibiyar Nazarin Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa, muna da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa, duk a garin nan. Masu ilimin da za su koyar ba su yi ƙaranci ba. Da na'ura a hannu, cikin 'yan watanni za mu iya zana taswirar injinan Jos da Bukuru, mu nuna inda ya kamata a fara.

Muna kuma roƙon a sauƙaƙa wa ƙananan masu injin hanyar rajista, ta yadda mutum zai zo da kansa ba sai an kamo shi ba. A fitar da ƙa'idojin da Hausa da Birom da sauran harsunanmu, a shafi ɗaya, a karanta a rediyo, domin abubuwan da ake bukata ba masu tsada ba ne: a yayyafa ruwa kafin shara, a buɗe tagogi, a sa takunkumin da ke tace ƙura ba tsumma ba, a ware wurin cin abinci da wurin wanke hannu, a bar kayan aiki a wurin aiki, a ajiye buhunan monazait a keɓaɓɓen sito nesa da inda ake zama, a daina gini da tarkace, a fitar da yara da masu juna biyu daga cikin injin. Iyayenmu sarakuna da malaman addini, wannan ɓangaren naku ne, domin maganarku ta fi takardarmu shiga kunne.

Akwai abu ɗaya da ya fi ƙarfinmu, ya fi ƙarfin mai injin: ina za a kai tarkacen da ba shi da mai saye? Sai gwamnatin tarayya da ta jiha sun haɗu sun ware wuri. Kada kuma a manta da 'yan gwangwan, domin bututun rijiyoyin mai sukan tara ɓawo mai radiyom a cikinsu, kuma tsohon ƙarfe ba ya zuwa da takardar asalinsa.

Yallaɓai, gani ya kori ji. Bayan wannan zama za mu kai ka injin tacewa guda biyu, waɗanda masu su suka buɗe mana ƙofa da yardarsu, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Daga nan sai bakin ɗaya daga cikin tafkunan Bukuru, inda matan da ke wanki suka ce suna da tambayoyin da suke so su yi maka da bakinsu. Muna roƙon 'yan tawagarka su riƙo na'urorinsu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya mayar da ku Abuja lafiya. Allah Ya zaunar da Filato lafiya. Yanzu ina gayyatar babban baƙonmu ya yi mana jawabi. Ranka ya daɗe, bismillah.