Yaushe za a ce mutum ya fahimci jimla?

Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Ilyasu da Nura, kuma batun ma'ana za mu taɓa. Malam, idan aka ce wane ya fahimci jimla, me ke nan ya sani?

Malam Ilyasu: Masana da dama amsarsu ɗaya ce: ya san yadda lamari zai kasance in jimlar gaskiya ce. A ce na gaya miki ana ruwa a Maraɗi yanzu. Ba ki san ko ana yi ba. Amma da za a ajiye ki a can ki ɗaga kai, nan take za ki ce gaskiya na faɗa ko ƙarya na shara. To wannan sanin shi suke kira ma'ana.

Nura: Allah gafarta Malam, ai ƙarya ma tana da ma'ana.

Malam Ilyasu: Ƙwarai kuwa. Sharaɗin ake nema, wato abin da in ya tabbata maganar ta tabbata. Ba don ka san sharaɗin ba, ta ina za ka gane ƙarya aka yi maka? Masanin falsafa Ludwig Wittgenstein ya faɗi haka tun 1921. Sai Alfred Tarski, masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, ya zo a 1933 ya tsara yadda za a fayyace gaskiya a harsunan lissafi. Misalin da aka fi saninsa da shi: jimlar "dusar ƙanƙara fara ce" gaskiya ce in har dusar ƙanƙara fara ce, in ba haka ba kuwa ƙarya ce.

Nura: Haba Malam! Wannan ai maimaita magana ce kawai.

Malam Ilyasu: Kowa haka yake cewa da farko. Sauya harshen ka gani. Jimlar Faransanci "la neige est blanche" gaskiya ce in har dusar ƙanƙara fara ce. Wanda bai ji Faransanci ba, yanzu bai ƙaru ba? Ɓangare ɗaya kalmomi ne, ɗayan kuma halin da duniya ke ciki. Shi Tarski ma bai yarda abin zai yi aiki sosai a harshen da mutane ke yi kullum ba, yana ganin rikicinsa ya yi yawa. Masanin falsafa Donald Davidson ne a 1967 ya ce a juya dabarar a auna ma'ana da ita.

Hadiza: Amma jimloli ba su da iyaka. Kowace za a zauna a rubuta mata nata sharaɗin?

Malam Ilyasu: Yawwa, nan ne daɗin abin. Kalmomi ƙidayayyu ne, ƙa'idojin haɗa su ma haka. In kin san wa ake kira Audu, kin san su wa ake cewa manoma, to "Audu manomi ne" gaskiya ce in Audu na cikinsu. Ki sa "ba" da "ba", sharaɗin ya kife. Da haka ake hawa har a kai ga jimlar da ba a taɓa furtawa ba. Richard Montague, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya fito a 1970 ya ce shi bai ga wani muhimmin bambanci tsakanin Turanci da harshen mantiƙi ba. Ya rasu a 1971, rubutunsa kuma tauri gare shi, sai masaniyar harshe Barbara Partee ta yi ta fassara shi ga masana harshe har ya shiga aji. Gwada wannan: "kowane ɗalibi ya karanta littafi ɗaya."

Hadiza: Littafi guda duk suka karanta, ko kowa da nasa?

Malam Ilyasu: Kin gani? Jimla ɗaya, sharuɗɗa biyu. Tsarin yana nuna miki daidai inda harshen damon yake.

Nura: Ni fa duk wannan ya yi mini kama da abin da muka karanta a balaga. Malamai sun raba zance gida biyu: habari, wanda zai iya zama gaskiya ko ƙarya, da insha'i, wanda ba a auna shi da haka. Umarni, tambaya, kira, fata. In na ce "rufe ƙofa", ina gaskiya ina ƙarya? Ko wajen ɗaurin aure, waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa. Ba labari suke bayarwa ba, auren suke ƙullawa.

Malam Ilyasu: Ban musa ba. Masanin falsafa J. L. Austin na jami'ar Oxford kusan abin da ya kawo ke nan a laccocinsa na 1955, kuma malaman balaga sun riga shi da ƙarnoni. Masu ra'ayin auna ma'ana da sharaɗin gaskiya sun yi ƙoƙarin faɗaɗa shi, suka ce ma'anar tambaya ita ce amsoshin da za su iya zama gaskiya. Na tambaya ya zauna. Na umarni, ni dai har yanzu ina ganin akwai ɗan tilas a ciki.

Hadiza: Ni kuma "amma" ce ta tsaya mini. "Talaka ne kuma mai amana ne", da "talaka ne amma mai amana ne". In ɗaya gaskiya ce, ɗayar ma gaskiya ce. Sai dai ta biyun akwai cin fuska a ciki.

Malam Ilyasu: Masanin falsafa Paul Grice ya ware irin wannan daban, ya ce akwai abin da aka faɗa, akwai kuma abin da aka sakaya. Wanda ya fi wannan wuya shi ne na Gottlob Frege, masanin mantiƙi ɗan ƙasar Jamus, a 1892, kan tauraron asuba da na maraice. Mu nan sai mu ce Gamzaki da Zara matar wata. Abu ɗaya ne a sama. "Gamzaki shi ne Gamzaki" ba ta ƙara wa kowa komai, "Gamzaki shi ne Zara" kuwa ilimi ne, alhali abin da zai gaskata su ɗaya ne.

Nura: To ashe sharaɗin kaɗai bai wadatar ba.

Malam Ilyasu: Frege da kansa ya ce dole a bambanta abin da suna ke nunawa da hanyar da yake nuna shi. Wajen jimloli irin "Audu ya ɗauka cewa..." har gobe ana ja-in-ja a kai.

Hadiza: Ku tsaya nan, lokaci ya ci mu. Nura, mako mai zuwa ka zo da littafinka na balaga.