Idan Dokar Sihiri Ta Yi Duhu a Teburin Wasa

An rubuto daga laccar da aka yi wa matasa masu wasan Dungeons & Dragons a Jos, wato wasan teburi inda kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin ƙagaggen labari.

Jama'a, barkanku da yamma. Sihirin da za mu tattauna na takarda ne da ƙwayar ludo, kada wani ya kai labari gida a karkace.

Tun 1974 ake wasan nan, amma dokokin bugu na biyar, na 2014, su ne a hannun yawancinku. Gardama kuwa kusan kullum daga wuri ɗaya take tasowa: an haddace sunan sihiri, ba a karanta bayaninsa ba.

Ku ɗauki Fireball, sihirin jefa dunƙulen wuta. Nisansa ƙafa 150, wutar ta bazu ƙafa 20 ta kowane gefe, a jefa ƙwaya takwas masu fuska shida don lissafin rauni. Wanda ya kauce, rabin rauni zai sha. Sai ka ji wani ya ce ai rigar abokin gaba ma ta kama. A'a, malam. Abin da ke kamawa shi ne wanda ba a sanye da shi, ba a kuma riƙe da shi ba. Labule zai ci wuta, takardar da ke hannun mutum ba za ta ci ba. Kuma wutar tana shan kwana, laɓewa a lungu ba ya fid da kai. Abin da rubutu bai faɗa ba, kada ka ƙara masa gishiri.

Idan doka biyu suka ci karo, ta musamman ita ke rinjayar ta gama-gari. Wannan ba ya buƙatar dogon turanci.

Inda ake shan wuya shi ne tattara hankali, wato ci gaba da riƙe sihirin da aka riga aka yi kada ya karye. Mai riƙe da sihiri idan aka ji masa rauni, sai ya jefa ƙwaya ya kai 10 ko rabin raunin, duk wanda ya fi yawa. Rauni 14, ya nemi 10. Rauni 30, ya nemi 15. To, sihirin Magic Missile kibiya uku ne, kuma tare suke sauka. Idan suka sami mai riƙe da sihiri, jifa ɗaya zai yi ko uku? Nan kam rubutun ya bar ƙofa a buɗe. A ganina uku ne, tunda kowace kibiya da nata raunin, amma wanda ya ce ɗaya ma yana da hujja.

Alƙalin wasa, kai da ke jagorantar teburi, kada ka bar muhawara ta wuce minti biyu. Yanke hukunci, rubuta shi a littafinka, a sake dubawa bayan an tashi. Kuma ka gaya wa masu wasan tun yanzu: ranar da dodo ya harbo musu kibiyoyin nan, su ma jifa uku za su yi.